Na Shuka Wiwi a Ɗakin Ajiya, Shukar Tana Mutuwa, Matata Kuma Ta Ɗauke Min Wuta

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 41, ina da mata ɗaya da yara biyu, babbar tana da shekara 9, ƙaramin yana da 3. Shekara huɗu ke nan ina fama da ciwon baya tun da na faɗo a wurin aiki. Magungunan da likita yake rubuta min wani ya sa ni jiri, wani ya tayar min da ciwon ciki, barci kuwa sai dai ɓarawo. Wani abokin aikina ya ce shi wiwi ce ta taimake shi. A ƙasar da muke zaune doka ta yarda baligi ya shuka kaɗan a gidansa don amfanin kansa, saboda haka na sayi iri da tukwane da taki da fitila, na kafa su a ɗakin ajiyar gidan da muke haya. Na shuka guda shida ne don ko wasu sun mutu a samu ragowa. Ban gaya wa matata ba, sai da wari ya tona. Yanzu sati bakwai ke nan. Ganyen ya koma rawaya, bakinsa ya ƙone, kullum a lanƙwashe yake duk da ina ba su ruwa safe da yamma, har taki na ƙara amma abin sai gaba yake yi. Bangon ɗakin ya fara yin baƙi-baƙi, wasu ƙananan ƙudaje sun cika wurin, na sayo maganin feshin furanni ban dai fesa ba tukuna. Sau biyu wutar gidan tana yankewa da kanta. Ita kuwa mai ɗakina yau kwana goma ba ta yi min magana sai ta dole, ta ce in zaɓa, ko shukar ko ita da yara. Malam, ni ba mashayi ba ne, ko sigari ban taɓa sha ba. Me nake yi ba daidai ba da shukar nan? Kuma ta yaya zan fahimtar da ita cewa magani nake nema?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya, ya yaye maka. Shekara huɗu da ciwon baya ba wasa ba ne, kuma wanda bai taɓa kwana yana juyi yana neman gefen da zai kwanta a kai ba, ba zai gane yadda ciwo ke sa mai hankali ya yanke shawarar da da lafiyarsa ƙalau ba zai yanke ba. Na yarda da kai cewa sauƙi kake nema. Amma ka yi haƙuri, zan sauya tsarin tambayoyinka, domin a cikin wasiƙarka akwai abin da ya fi ganye mai rawaya gaggawa, kuma kai ka ambace shi ne a wuce kamar ba komai ba.

Wutar nan da ta yanke sau biyu, ita ce ta fi tsaya min a rai. Na'urar da ke yanke wuta ba ta yin haka don wasa. Tana gaya maka ne cewa an ɗora wa layin abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma danshi ya kai ga inda bai kamata ba. Fitila mai cin wuta tana kunne sa'o'i da yawa a jere, a ɗan ƙuntataccen ɗaki mai laima, ga ruwa ana zubawa safe da yamma kusa da wayoyi, wataƙila kuma duk a kan soket ɗaya mai baki da yawa: wannan ita ce hanyar da gobara ke bi ta shiga gida, kuma ta fi son dare, lokacin da yara ke barci. Tun daren yau ka kashe kayan nan ka zare su daga bango, kada ka sake kunnawa sai mai gyaran wuta ya duba. Idan shukar ta mutu saboda haka, ta mutu. Ka duba kuma ko na'urar jin hayaƙi ta gidan tana aiki. Kwalbar taki da ta maganin feshi su koma inda hannun ɗan shekara uku ba ya kaiwa, ƙofar ɗakin kuma a sa mata kwaɗo.

Maganin feshin da ka sayo kuwa, Allah ya taimake ka da ba ka fesa ba. Abin da aka yi don furen ado an yi shi ne da tunanin ba wanda zai ci furen, balle ya ƙona shi ya zuƙi hayaƙinsa. Akwai wani sinadarin kashe funfuna da ake kira maikulobutanil, wanda idan ya ji zafin wuta yana iya fitar da iskar sayanaid mai guba. Tsakanin 2016 da 2017 sai da aka janye wiwin magani daga kasuwa a Kanada saboda an same shi a ciki, kuma wannan a hannun manoma masu lasisi ne da ake sa wa ido. Ina ga mutum shi kaɗai a ɗakin ajiya yana karanta bayan kwalba? Ka mayar da shi ko ka bayar.

Sai maganar doka, wadda ka taƙaita a jimla ɗaya. Kuskuren farko da sabon shiga ke yi ba a tukunya yake ba, a nan yake: mutum ya ji an ce "an halatta" sai ya ɗauka an buɗe ƙofa gaba ɗaya. A mafi yawan ƙasashen duniya shuka wiwi laifi ne da ke kai mutum kurkuku, kuma 'yan ƙasashen da suka sassauta sun yi ne da ƙidaya da sharuɗɗa. Kanada ta halatta tun 17 ga Oktoba 2018, amma tsiro huɗu ne kacal ga gida guda, ko da manya nawa ne a cikinsa, lardin Kwibek ma ya hana shukar gida ɗungurungum. Jamus ta fara daga 1 ga Afrilu 2024, tsiro uku ga kowane baligi, tare da sharaɗin a killace su inda yara ba za su kai gare su ba. Malta huɗu ta yarda. Yurugwai, wadda ta riga kowa a 2013, ta yarda da shida amma sai mutum ya yi rajista da hukuma. A Amurka kowace jiha da nata, akwai inda za ka saya a kanti amma ba ka da izinin shukawa, kamar New Jersey, dokar tarayya kuma har yanzu ba ta halatta ba, abin da ke iya jawo wa wanda ba ɗan ƙasa ba matsala a takardun zamansa ko da jihar ta yarda. Kai shida ka shuka. Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, amma ka ga da kanka cewa a yawancin wuraren nan dabarar "ko wasu sun mutu" ta riga ta tsallakar da kai layi. Doka ba ta ƙirga waɗanda kake sa ran za su rayu, waɗanda ke cikin tukunya take ƙirgawa. Ka nemi rubutacciyar dokar yankinka a shafin hukuma ka karanta da idonka, ba ta bakin abokin aiki ba. Ka kuma ɗauko takardar hayar gidan. Izinin gwamnati daban, izinin mai gida daban. A wurare da yawa yana da ikon hanawa, kuma bangon da ya fara baƙi ɗin nan nasa ne, shi zai zo ya gani ranar da za ku tashi, ko kafin nan.

To, yanzu shukar. Zan gaya maka abin da nake gani, ba don in ƙarfafa ka ka ci gaba ba, sai don ka tambaya, kuma don abin da ke kashe ta yana da alaƙa da abin da ke ɓata bangon da yaranka ke shaƙar iskarsa.

Ba ƙishirwa ke damun tsiranka ba, nutsewa suke yi. Saiwa tana numfashi kamar yadda ganye ke yi, tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ana zuba ruwa safe da yamma ƙasar ba ta taɓa shan iska ba, sai ruwa ya cike waɗannan 'yan ƙofofi, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya lanƙwashe kamar na shukar da ke jin ƙishi. Mai shuka ya gani ya ce wayyo, ruwa take so, ya ƙara. Haka ake ta zagaye har a kai ta kabari da butar ban ruwa a hannu. Ni kaina na taɓa kashe wata fulawa da aka ba ni kyauta ta wannan hanyar, kuma har ta mutu ina ganin ni ne mafi kula da ita a duniya. Manoman tukunya suna da gwaji mai sauƙi: a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a bar ta, ko a ɗaga tukunyar a ji nauyinta. Kuma tukunyar da ba ta da huji a gindi ba tukunyar shuka ba ce, bokiti ne. Ƙananan ƙudajen da suka cika ɗakin ma 'ya'yan wannan ruwan ne, a jiƙaƙƙiyar ƙasa suke yin ƙwai, tsutsarsu kuma tana cin ƙananan saiwoyi. In saman ƙasa ya bushe, yawancinsu da kansu suke raguwa ba tare da feshi ba.

Ƙonewar bakin ganye kuma yawanci taki ne ya yi yawa. Ƙasar da ake sayarwa a buhu galibi ta zo da abincinta na makonni, sai sabon shiga ya ɗora mata na kwalba, ya ga ganye ya yi rawaya ya ce yunwa ce, ya sake ƙarawa. Gishirin takin ya taru a ƙasa yana zuƙe ruwa daga saiwar da dama ta galabaita. Wani lokaci abincin yana nan a ƙasa amma shukar ba ta iya ɗauka saboda tsamin ƙasar ya kauce daga inda take so, wato tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami. Fitilar da aka matso da ita dab da ganye ma tana ƙona shi, musamman na sama. Ka lura da abu ɗaya: duk kurakuran nan na ƙari ne, ba na ragi ba. Da wuya sabon shiga ya kashe shuka da sakaci. Da zumuɗi yake kashe ta, yana leƙawa sau goma a rana, kowace leƙa kuma sai ya taɓa wani abu. Sauri dai ya haifi nawa.

Akwai kuma abubuwan da ba ka kai gare su ba tukuna, waɗanda abokin aikinka bai gaya maka ba. Wiwi tana da namiji da mace, kuma a irin da ba a tace ba kusan rabi maza ne, waɗanda ba sa ba da abin da kake nema, in kuma aka bar su sai su sa matan su koma yin iri. Yawancin nau'o'inta ba sa fure sai dare ya yi tsawo, ɗan hasken da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ma yana rikita su. Warin da matarka ta ji kuwa somin taɓi ne. Lokacin fure yake tashi sosai, ya shiga labule da tufafin makarantar yara, ya fita har wurin maƙwabta. Bayan girbi akwai busarwa, inda da yawa ke asarar komai ga funfuna a 'yan kwanaki. Watanni uku zuwa biyar ake magana daga iri zuwa abin amfani, in komai ya tafi daidai. Bayanka fa, ya jira?

Bangon nan ya fi duk waɗannan muhimmanci. Shuka tana fitar da kusan duk ruwan da ta sha ta ganyenta, sama da kashi 90 cikin ɗari. Wato ruwan da kake zubawa a tukwane shida safe da yamma yana ƙarewa ne a iskar ɗakin da ba shi da taga, daga nan ya kwanta a bango. Idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 60, funfuna ta samu gida. Ba a ɗakin ajiya take tsayawa ba, ƙurarta tana yawo cikin gida, tana tayar da tari da atishawa da asma, yara ƙanana kuma su ne kan gaba wajen jin jiki. Irin wadda ke kama furen wiwi kanta, musamman wadda ake kira asfajilus, tana iya shiga huhun wanda ya zuƙa, ta yi mummunar illa ga mai raunin garkuwar jiki. Furen da ya yi funfuna ba a wanke shi, ba a yanke gefen da ya ɓaci a yi amfani da saura, zubarwa ake yi. Ka buɗe ɗakin ya sha iska, ka goge bangon da safar hannu da takunkumi tun tabon yana ƙarami, in kuma ya yi faɗi ko ya dawo, wannan aikin gwani ne kuma dole mai gida ya sani.

Mu dawo kan uwargida, domin ita ce ainihin wasiƙar, shukar rakiya ta yi. Ka tambaye ni yadda za ka fahimtar da ita. Ni kuwa ina ganin ta riga ta fahimta, kai ne ba ka tsaya ka ji abin da ta fahimta ba. Ka sa kanka a matsayinta na minti ɗaya. Mace tana gidanta, tana shara tana shiga ko'ina, sai hancinta ya gaya mata abin da mijinta ya kwashe makonni yana ɓoyewa a bayan ƙofa. Ya sayi kaya da kuɗin gida, ya kawo abin da zai iya jawo musu kora daga haya ko ziyarar hukuma, ya kunna abin da ya yanke wuta sau biyu a gidan da 'ya'yanta ke kwana, kuma duk wannan bai ga ta isa a yi shawara da ita ba. Ko tumatir ka shuka ta wannan hanyar sai ranta ya ɓaci. Kai kana kare wiwi, ita kuwa ɓoyewar ce ta fi yi mata ciwo. Kuma ka yi wa kanka adalci: me ya sa ka ɓoye? Don ka san za ta ce a'a. To ka ga ashe ba rashin fahimta ba ne, ka san amsarta tun farko ka zagaye ta.

Ban ce ba ka da hakki ba. Kana da shi. Mutumin da ke fita aiki da ciwo ya dawo da ciwo, yana da hakkin iyalinsa su ɗauki ciwonsa da muhimmanci, kuma mai yiwuwa a shekara huɗun nan ciwonka ya zama kamar kujerar falo, kowa ya saba da ganinsa har an daina tambaya. Wataƙila ma kai ne ka daina faɗa, irin ta maza, kana cewa "da sauƙi" alhali babu. Idan haka ne, ba ta san zurfin ramin da ka faɗa ba, ta dai ga abin da ka jawo kana neman fita. Kalmar "ko ni ko shuka" ma ba na jin tana nufin ta haɗa kaya; magana ce ta wadda ta tsorata kuma ta ga ba a jin ta sai ta ɗaga murya. Amma kada ka gwada ta don ka tabbatar.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, bayan ka riga ka kashe fitilar ka sa kwaɗo, domin ta ga aiki kafin ta ji magana. Ka fara da ban haƙuri a kan ɓoyewar, tsurarsa, ba tare da "amma" a bayansa ba. Da zarar ka ce "na yi kuskure amma ai ke ma", ka rushe abin da ka gina. Sannan ka gaya mata gaskiyar ciwon: sau nawa kake farkawa da dare, abin da kake ji idan ka sunkuya ɗaukar ƙaramin, tsoron da kake yi na rasa aiki idan abin ya ci gaba. Daga nan ka tambaye ta mene ne ya fi damun ta, ka yi shiru ka saurara har ta gama. Amsar tana da muhimmanci, don ba duka damuwa ce ke da magani iri ɗaya ba. In tsoron gobara ne da funfuna da mai gida, waɗannan abubuwa ne da ake iya gyarawa ko a kauce musu. In tsoron kada ka zama mashayi ne, wannan sai likita ya shiga tsakani. In kuwa abin ya shafi imaninta ne da irin gidan da take son 'ya'yanta su tashi a ciki, to wannan ba fanka ko kwaɗo ke gyara shi ba, kuma ba ka da ikon ka yi mata gardama har ta sallama. Gidan nata ne kamar yadda yake naka.

Kada ku manta da 'yar shekara taran. A wannan shekarun yaro yana ganin komai, yana jin shirun da ke tsakanin iyayensa fiye da yadda kuke zato, kuma abin da ya gani a gida yana iya faɗa a makaranta ba da wata manufa ba. Abin da ba zan so ba shi ne a ce mata "kada ki gaya wa kowa". Ɗora wa yaro sirrin manya nauyi ne da bai kamace shi ba. Shi kuma ƙaramin, haɗarinsa yana gaba ne: ɗanyen ganye bai cika bugarwa ba sai an zafafa shi, amma abin da aka sarrafa, musamman wanda aka sa a abin ci, yara kan ɗauka su cinye, kuma yana kai su asibiti da barci mai nauyi da wahalar numfashi.

Saura tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce gindin komai: shin wiwin ma za ta yi maka maganin? Gaskiyar magana, masana ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. A 2017 wani babban kwamitin masana kimiyya na Amurka ya duba binciken da aka yi ya ce akwai hujja mai ƙarfi cewa tana rage ciwo mai daɗewa ga manya. A 2021 kuma ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta ce hujjar ba ta kai ingancin da za ta goyi bayan amfani da ita gaba ɗaya don ciwo ba. Inda aka ga amfani, sauƙin matsakaici ne, ya fi bayyana a ciwon jijiya, kuma yana zuwa da jiri da magagi, wato abin da ka guda a magungunanka. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu amfani da ita yana kamuwa da dogaro a kanta, adadin kuma ya fi haka ga mai sha kullum, wanda shi ne tsarin da mai ciwo ke faɗawa. Mai tarihin taɓin hankali a danginsa haɗarinsa ya fi yawa. Wiwin yanzu ma ba ta da ba ce: a Amurka sinadarin THC mai bugarwa ya tashi daga kusan kashi 4 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wadda ka shuka a ɗaki kuwa ba ka da hanyar sanin ƙarfinta, yau ta yi sanyi gobe ta yi zafi. Wane irin magani ne ba a san awonsa ba? Ga tuƙi, ga aikin da ka riga ka taɓa faɗowa a cikinsa, ga yiwuwar wurin aikin yana gwajin ƙwaya, wanda halascin doka ba lallai ya kare ka daga sakamakonsa ba.

Saboda haka ka koma wurin likita, kuma ka roƙi uwargida ta raka ka. Ka gaya masa komai ba kunya, har da shukar. A ƙasar da aka halatta, wannan ba sabon labari ba ne a kunnensa. Ka faɗi sunan maganin da ya sa ka jiri da wanda ya taɓa maka ciki, domin sau da yawa ana iya sauya su ko a rage ko a haɗa da mai kare ciki. Ka nemi a tura ka asibitin da ya ƙware a kan ciwo mai daɗewa da wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki, waɗanda a ciwon baya sukan yi abin da ƙwaya ba ta yi, ko da yake suna cin lokaci da naci. In bayan an duba ka likita ya ga akwai dalilin gwada wani abu daga wiwi, akwai wanda aka auna aka gwada a ɗakin bincike, da sanannen adadin THC da CBD (wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa), ana farawa da kaɗan ana lura, kuma shi zai duba ko zai yi karo da sauran magungunanka, don yana yi da wasu, kamar masu tsinka jini da masu sa barci. Wannan hanya ba ta bukatar fitila ko ɗakin ajiya, kuma abu ne da matarka za ta ji daga bakin likita, ba daga bakin abokin aikin da ba ta sani ba. Amma in ka fara jin ƙafa tana mutuwa ko tana rauni, ko fitsari da bayan gida suna kufce maka, kada ka jira ranar ganin likita, ka tafi sashen gaggawa a ranar.

Game da tukwane shidan, ra'ayina a fili yake: ka cire su. Sun riga sun galabaita, adadinsu mai yiwuwa ya haura doka, ɗakin bai dace ba, gidan ba naka ba ne, kuma wadda kuke zaune tare ba ta yarda ba. Garin neman gira kada a rasa ido. Kuɗin da ka kashe sun riga sun tafi ko ka ci gaba ko ka tsaya, kada su zama igiyar da ke riƙe da kai. Fitilar ma ana iya sayar da ita ga masu renon furanni. Ka duba yadda dokar yankinku ta ce a zubar da irin wannan shuka, kada ka ba wani ko ka kai gidan abokin aikin ya riƙe maka, don a wurare da dama miƙa wa wani laifi ne mai zaman kansa. In wata rana likita ya goyi baya, doka ta ba da dama, mai gida ya amince a rubuce, uwargida kuma ta ce to da bakinta ba don ta gaji da musu ba, sai a sake zama a duba. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ƙi, a bar maganar.

Ranar da za ka kwashe su, ka gaya mata tun da safe, ka bar ƙofar ɗakin a buɗe ta gani da idonta. Kada ka sa ran za ta saki fuska a ranar; kwana goma na shiru ba sa narkewa da yamma ɗaya, kuma tana iya ɗaukar makonni tana leƙa ɗakin nan in ta wuce. Ka bar ta ta leƙa. Ka sa ranar ganin likita a inda ku biyu za ku gani, ka kuma rubuto min bayan kun je in ji abin da ya ce game da bayan. Allah ya ƙara sauƙi, ya daidaita tsakaninku.